Abin da ke rikita giyar keken tsere idan aka ɗora shi kan na'urar atisaye ta cikin ɗaki

Ƙorafi ne da ya zama ruwan dare a tsakanin masu hawan keken tsere: keke lafiyarsa ƙalau a kan titi, giya na shiga sumul ba gardama, amma da zarar an cire tayar baya an ɗora shi kan na'urar atisaye ta cikin ɗaki, sai sarƙa ta fara ƙara, tana tsallake haƙora, ko ta ƙi hawa inda aka tura ta.

Wasu kan zaci lalatacciyar na'ura aka sayar musu. Wasu kuma su ɗauko sukudireba su kama murɗe-murɗe, har su ɓata saitin da ke daidai tun farko.

A mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace. Tazarar da ba ta wuce kaurin katin cirar kuɗi ba ita ce ke haddasa rikicin. Sai dai idan aka yi sakaci da ita, takan cinye sarƙa da haƙoran giya kafin lokacinsu, ko ta karya masauyin giya, ko ma ta kayar da mahayi a tsakar ɗakinsa idan sarƙa ta zame yana tsaye a kan feda.

Yadda atisayen ɗaki ya samu karɓuwa

An daɗe ana atisayen keke a cikin gida a Turai da Amurka, musamman lokacin hunturu, amma a da abu ne da ake yi don dole. Abin ya sauya ne bayan fitowar na'urori masu haɗuwa da waya ko kwamfuta, da kuma manhajar Zwift da aka kafa a Amurka a 2014, wadda ke nuna wa mahayi hanya a allo tare da sauran mahaya daga ƙasashe daban-daban.

A 2016, ɗan tseren Australiya Mathew Hayman ya karye a hannu a wata gasa a Beljiyam a ƙarshen watan Fabrairu. Ya ci gaba da atisaye a garejin gidansa a kan irin wannan na'ura, kuma bayan kimanin mako 6 ya lashe gasar Paris-Roubaix ta Faransa, ɗaya daga cikin mafiya wahala a duniya, yana da shekara 37.

Annobar korona ta ƙara wa harkar kasuwa. A Disamban 2020 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar cin kofin duniya ta farko ta tseren intanet, inda Jason Osborne na Jamus ya yi nasara a ɓangaren maza, Ashleigh Moolman-Pasio ta Afirka ta Kudu kuma a ɓangaren mata.

Da yawan masu sayen na'urar, sai ƙorafin giya ma ya yawaita.

Na'urorin iri biyu ne

Akwai wadda ake ɗora keken da tayarsa, tayar na murza wani ɗan gora na ƙarfe. Akwai kuma wadda ake cire tayar baya gaba ɗaya, a ɗaura keken kai-tsaye a jikin na'urar, sarƙa ta hau jerin faifan haƙoran da ke jikinta, wanda masu harkar ke kira kaset. Kamfanoni irin su Wahoo na Amurka da Elite na Italiya da Tacx na Holan, wanda Garmin ya saya a 2019, duk suna ƙera irin wannan.

Ta biyun ta fi shiru, ta fi auna ƙarfin mahayi daidai, kuma ba ta cin taya. Amma ita ce ta fi kawo rikicin giya, saboda a zahiri sabuwar tayar baya aka sa wa keken, wadda ba da ita aka saita giyarsa ba.

Magana ce ta milimita

Duk lokacin da mahayi ya danna hannun giya sau ɗaya, wayar giya na jan masauyin giya na baya, wato direla, ta matsa da wani ƙayyadadden awo. Direlar a jikin firam ɗin keke take, ba ta ganin inda haƙoran suke. Inda aka saita ta nan take zuwa.

A kaset mai faifai 8, tazarar da ke tsakanin faifai da faifai kusan milimita 4.8 ce. A mai 10 ba ta kai milimita 4 ba, a mai 11 kusan 3.7 ce, mai 12 kuma ya fi haka matsewa. Ke nan idan kaset ɗin da ke kan na'urar ya goce da rabin milimita daga inda na tayar keken yake zama, sarƙa za ta riƙa gogar faifan da ke maƙwabtaka da ita. Idan gocewar ta kai milimita ɗaya ko fiye, sai ta fara tsalle tsakanin faifai biyu.

Irin wannan ɗan bambanci ba aibi ba ne. Ko tayoyi biyu na kamfanoni daban aka musanya a keke ɗaya, akan ga haka.

Alamarsa ita ce ƙarar na bin kusan dukkan giyoyi, kuma giya na saurin shiga ta ɓangare ɗaya tana nawa ta ɗaya ɓangaren.

Washar da ake mantawa

Kafin a taɓa saitin direla, abu na farko da ya kamata a duba shi ne yadda kaset ya zauna.

Mazaunin kaset na yawancin na'urorin an yi shi ne da awon Shimano mai faifai 11, wanda ya fi na da tsawo da milimita 1.85. Don haka duk wanda zai ɗora kaset mai 8 ko 9 ko 10, sai ya fara zura washa mai kaurin milimita 1.85 a baya. Galibi tana zuwa a cikin kwalin na'urar, kuma saboda ƙanƙantarta akan zubar da ita tare da leda.

Wasu kaset na Shimano masu faifai 10 kuma suna da tasu siririyar washa ta milimita 1, wadda ake haɗawa da waccan. Akwai ma kaset mai 11 na Shimano, mai haƙora 11 zuwa 34, da shi ma yake buƙatar washar 1.85 duk da cewa adadin faifansa ya dace da mazaunin.

Idan babu washar, murfin da ke ɗaure kaset zai ƙure amma faifan na nan sako-sako. Gwajin ba shi da wuya: a kama faifan da yatsu a girgiza su gefe da gefe. In suka yi motsi ko suka yi ƙaras-ƙaras, to a nan gizo ke saƙar, kuma babu saitin direlar da zai magance shi.

Sa washa inda ba a buƙatarta ma matsala ce, don murfin ba zai kama zare sosai ba, ƙaramin faifai kuma zai matso kusa da firam har sarƙa ta goge fenti.

Sai batun nau'i. Kaset na titi mai 12 na Shimano yana hawa mazaunin mai 11, amma na SRAM mai 12 da ke farawa da haƙora 10 sai da mazauni na daban da ake kira XDR, Campagnolo ma nasa daban ne. Waɗannan akan saye su ne a ware. Haka kuma keke mai giya 10 ba zai daidaita da kaset mai 11 da wasu na'urori ke zuwa da shi a ɗaure ba, komai ƙwarewar makaniki.

Bakin aksil

Wuri na biyu shi ne inda firam ke zama. Faɗin bayan kekunan tsere ba ɗaya ba ne: masu birkin da ke kama gefen wili galibi milimita 130 ne, masu birkin faifai na farko-farko 135, na zamani masu aksil mai kauri kuma 142.

Na'urorin kan zo da ƙananan kawuna da ake sauyawa don dacewa da kowane faɗi, kuma a wasu, kai ɗaya ne ake juyawa, fuska ɗaya 130 ɗayar 135. Wanda ya sa shi a juye zai matse firam ɗinsa ko ya buɗa shi da milimita 5, abin da ke karkatar da direla, kuma yana da haɗari ga firam na kabon, wanda ba ya lanƙwasa sai dai ya tsage.

Ko da kawunan daidai suke, keken kan zauna a karkace idan aka ɗaure shi a gaggauce. Hanyar kauce wa hakan ita ce a sassauta maɗaurin, a danna sirdi ƙasa har ɓangarorin biyu su zauna daram, sannan a ɗaure.

A nan ne kuma ya kamata a leƙa ɗan ƙarfen da direla ke rataye a jikinsa. An yi shi da taushi da gangan don ya lanƙwashe a madadin firam, kuma yawan ɗorawa da saukewa kan sa a buge shi da jikin na'urar. Idan giyoyin sama sun daidaita na ƙasa sun ƙi, ko akasin haka, to da alama ya ɗan karkace.

Sabuwar sarƙa, tsohon kaset

Sarƙa da kaset tare suke tsufa, suna sabawa da juna. Keken da ya yi dubban kilomita a titi sarƙarsa ta riga ta saki. Idan ta hau sabon kaset na na'ura, ba za ta zauna cikin haƙoran yadda ya kamata ba, sai ƙara da gurnani, kuma cikin ɗan lokaci ta cinye shi.

Akasin haka ya fi muni. Sabuwar sarƙa a kan kaset da ya cinye zamewa take yi da zarar an taka da ƙarfi. Masu sayen na'ura ta hannu su ne suka fi gamuwa da wannan.

Akwai ɗan ma'auni mai araha da ake zurawa cikin sarƙa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a sauya sarƙar keke mai giya 11 ko 12 idan sakinta ya kai rabin kashi ɗaya cikin 100, ta mai giya 10 zuwa ƙasa kuma idan ya kai 0.75.

Girman kaset ma abin lura ne. Idan babban faifan tayar keke haƙora 28 ne, na na'urar kuma 32 ko 34, tsawon sarƙar ba lallai ya isa ba. Ranar da mahayi ya haɗa babban faifan gaba da babban na baya, sarƙar na iya fizge direla. Mafi sauƙi shi ne a sa wa na'urar kaset irin na tayar sak.

Yadda ake saita ta

Idan kaset ya zauna ƙam, aksil daidai, sarƙa da sauran rai, sai a koma kan direla. A daidai inda wayar giya ke shiga jikinta, ko a wani wuri a kan wayar, akwai wani ɗan maɗauri mai kama da ganga da ake murɗawa da hannu.

Idan sarƙa na nawa wajen hawa manyan faifai, wayar ce ta yi sako-sako, sai a warware 'yar gangar kwatan zagaye, wato a juya ta saɓanin tafiyar hannun agogo. Idan kuma wajen saukowa kan ƙananan faifai take nawa, sai a mayar da ita ciki kwatan zagaye. Bayan kowace murɗa a juya feda a gwada. Sau da yawa murɗa ɗaya zuwa uku ta wadatar.

Kekuna masu giyar lantarki, irin Di2 na Shimano da AXS na SRAM, ba su da irin wannan wayar da ake ja, amma suna da tsarin matsar da direla kaɗan-kaɗan ta maɓalli ko ta manhajar waya.

Kusoshi biyu masu alamar H da L da ke jikin direla aikinsu daban ne. Su ne iyakar da ke hana sarƙa faɗawa waje ko ciki. Masu gaggawa kan fara da su, su yi gyaran gangar Auzinawa. Haɗarin yana bayyana ne ranar da aka mayar da taya aka hau titi: idan an buɗe iyakar ciki, direla na iya shiga cikin wayoyin wili ana tsaka da gudu.

Shi ya sa masu sauya keke ɗaya tsakanin titi da ɗaki kan ƙirga murɗar da suka yi su rubuta, don su mayar da ita idan za su fita. Wasu kuma kan huta da wannan ta hanyar sa siririyar washa, ta rabin milimita ko ƙasa da haka, a bayan ɗaya daga cikin kaset biyun har su zo layi ɗaya.

Idan matsalar ba ta ƙarfe ba ce

Wani ƙorafin kuma shi ne mahayi ya sauya giya, sarƙa ta hau lafiya, amma nauyin feda ya ƙi sauyawa. A nan yawanci na'urar na kan tsarin da ake kira ERG ne.

A wannan tsari manhaja ce ke yanke ƙarfin da za a taka. Idan ta ce wat 200, to na'urar za ta riƙa ƙara nauyi ko ragewa don a tsaya a 200, ko wace giya aka sa. Sauya giya kan rikita ta na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, sannan ta dawo inda take. Idan mahayi ya gaji ya rage saurin juya feda, sai ta ƙara nauyi, shi kuma ya ƙara raguwa, har feda ta ƙi motsi. Maganinsa a zaɓi giya ɗaya da sarƙa ke tafiya a miƙe, a riƙe saurin ƙafa.

Sai dai wannan ma yana da nasa: wanda kullum a faifai ɗaya yake atisaye, wannan faifan kaɗai zai cinye, ya fara zamewa sauran na nan sababbi. Sauya faifan da ake amfani da shi lokaci zuwa lokaci yana raba cin.

A Zwift kuma akwai wani saiti na tsananin hawa da ke zuwa a kan kashi 50 cikin 100, wanda ke sa tudu mai kashi 10 ya zo wa ƙafa kamar mai kashi 5. Wanda ya kai shi ƙarshe zai riƙa sauya giya a kai a kai kamar a titi, ciki har da lokacin da sarƙa ke ɗauke da nauyi. A sassauta taku na ɗan ƙiftawar ido yayin sauyawa, kamar yadda ake yi a kan tudu na gaske.

Yankewar sadarwa tsakanin na'ura da waya ma kan sa nauyi ya ɓace ya dawo kwatsam, har a zaci sarƙa ce ta zame.

Masu barin taya a jiki

A na'urar da ba a cire taya, kaset ɗin keken ne da kansa, don haka bai kamata saitin giya ya sauya ba. Abin da akan ɗauka zamewar giya a nan, sau da yawa taya ce ke sulɓewa a kan goran, saboda ƙarancin iska ko rashin matse shi sosai.

Dole ne kuma a yi amfani da sandar ɗaure taya ta ƙarfe da ke zuwa da na'urar, domin kawunanta ne suka dace da mariƙin. A kuma duba ko mariƙin na danne rigar wayar giya.

Gumi da ƙura

A titi iska na busar da gumi. A ɗaki kuwa ɗiga yake yi a kan keke, da gishirinsa, ya bi ƙarƙashin naɗin hannu ya shiga rigar waya. Bayan 'yan watanni waya ta yi tsatsa ta daina zamewa, giya ta riƙa nawa musamman wajen saukowa ƙananan faifai.

A ƙasashe masu zafi irin Najeriya da Nijar lamarin ya fi tsanani, ga kuma ƙurar hunturu da ke manne wa man sarƙa ko a cikin ɗaki. Fanka mai ƙarfi, da tawul a kan hannun keke, da goge shi bayan kowane atisaye, sun fi sauya waya arha.

Ya kamata kuma a sani cewa ba kowace ƙara ce matsala ba. A ɗaki babu iska babu motoci, bango na dawo da sauti, don haka kukan sarƙar da ba a ji a titi yakan fito fili.

Giyar da babu haƙora

Kamfanonin da kansu sun lura da yawan ƙorafin. A Oktoban 2023 Zwift ya fito da wani faifai guda ɗaya mai haƙora 14 da ke maye gurbin kaset, wanda ke karɓar yawancin kekuna masu giya 8 zuwa 12. Ana barin sarƙa a kansa, mahayi kuma ya riƙa danna wani ɗan maɓalli da ke hannun keke, na'urar ta ƙara nauyi ko ta rage a matakai 24.

Wannan ya sauƙaƙa wa gidan da mutum biyu ke amfani da na'ura ɗaya da kekuna daban. Amma ba kowace na'ura ko manhaja ce ke aiki da shi ba, kuma Zwift na karɓar kusan dala 20 a wata tun 2024, ban da kuɗin data da buƙatar wutar lantarki. Ko da shi ɗin ma, sai an zaɓi giyar da ta sa direla ta yi saiti da faifan, in ba haka ba ƙarar na nan.

Kafin a kai wa makaniki

Ga mai keken da aka sayo na hannu, wanda ba mamaki an riga an cakuɗa masa kayan kamfanoni daban-daban, matakin farko shi ne ya ƙirga faifan tayarsa ya kuma karanta sunan da ke jikin direla kafin ya sayi kaset.

Daga nan sai a bi abin daki-daki: zaman firam da kawunan aksil, sai washa da ƙarfin ɗaurin kaset, sai lafiyar sarƙa, sannan 'yar gangar waya. Kusoshin iyaka su ne na ƙarshe.

Kwance kaset na buƙatar sifana ta musamman da wata mariƙa mai guntun sarƙa a jiki. Guduma da kurfi ba su da aiki a nan, domin mazaunin kaset na yawancin na'urorin na alminiyam ne, kuma samun madadinsa kan buƙaci a yi oda daga waje a jira makonni.

Idan an bi duk waɗannan giya ba ta daidaita ba, ko aka ga direla ta karkace, sai a nemi makanikin da ya saba da kekunan tsere, a kuma tafi masa da na'urar tare da keken da tayarsa, domin sai ya ga ukun a wuri ɗaya zai iya saita su su yi daidai.